Waɗanda suka taɓa doguwar tafiya a ƙasa, me kuka dawo da shi?

Malamin Firamare

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka taɓa saɓa kaya suka yi tafiyar ƙafa ta kwana da kwanaki ce, ba zuwa cin kasuwar ƙauye a dawo da la'asar ba.

Kakanmu na wajen uwa a ƙasa ya je Makka. Ya bi ta Maiduguri, ya tsallaka Injamena tun ana ce mata Fort Lamy, ya ratsa Darfur, ya tsaya a Jazira ta Sudan yana tsinkar auduga har ya haɗa kuɗin jirgin ruwa. Shekara bakwai kafin a sake ganinsa. Mahaifiyata takan ce mutumin da ya tafi mafaɗaci ne na ƙin ƙarawa, wanda ya dawo kuwa ko akuya ta cinye masa shuka sai dai ya ce a kora ta a hankali. Ni na taso ina ɗauka albarkar aikin Hajji ce kawai. Yanzu da girma ya zo sai nake tunanin ko ita tafiyar ma tana da nata rabon.

Saura wata takwas in yi ritaya, kuma abin yana ta yi mini yawo a rai. Don Allah ku faɗa mini abin da ya sauya a rayuwarku bayan kun dawo, mai daɗi da marar daɗi.

Ɗan Agadas

Wa alaikumus salam Malam. Ni ban tafi don sha'awa ba, tura ni aka yi. Ina shekara 19 na gagari gida, sai mahaifina ya damƙa ni ga wani amininsa Buzu da ke bin ayarin gishiri zuwa Bilma. A watan Oktoba muka tashi.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne ayari ba ya tsayawa da rana. Da an ɗaura kaya da sassafe, sai tsakar dare za a sauke. Dalili kuwa ciyawa: a hamadar Tenere babu abin da raƙumi zai ci, harawar da zai ci zuwa da dawowa a bayansa take, duk kwanan da aka ƙara a hanya cikin raƙumi aka taɓa. Har takunkumi ake sa musu don kada su fizgi ta na gabansu. Saboda haka komai a tafe ake yinsa. Fura a tafe ake dama ta, garin gero da cuku da dabino. Shayi ma a tafe: yaro na riƙe da ɗan murhun waya yana lilo da shi don garwashi ya kama, ya bi layi yana miƙa wa kowa kofi. Salla ce kaɗai ake ratsewa a yi, sai ka idar ka bi ayari da gudu.

Mun sha ruwa a rijiyar da ke wurin Itaciyar Tenere. Ita itaciyar wata babbar mota ta kayar da ita tun 1973, tana gidan tarihi a Yamai, ta ƙarfe muka tarar. Daga nan sai Fachi, sai Bilma, inda aka ba da gero aka karɓi gishiri, kantu da beza, da dabino.

A kwana na huɗu na zauna a rairayi na ce na fasa. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya lallashe ni. Madugu ko waiwayowa bai yi ba. Ina zaune ina kallon raƙumin ƙarshe yana ƙanƙancewa, na duba hagu na duba dama, ba kowa, ba komai, ko tsuntsu. Ba wanda ya ce in tashi na tashi. A gida in na yi fushi uwata ce ke biyo ni da kwanon tuwo, a can na gane fushina ba shi da kasuwa. Tun daga wannan tafiya ban ƙara yin zuciya da abinci ba, kuma har yau ba na iya ganin famfo yana ɗiga in wuce. Matata na ce mini mai gadin ruwa.

Maman Ilham

Sannu da ƙoƙari Malam, Allah ya kai mu ritayar lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. Bayan korona na zama kamar fanko: ina zuwa aiki, ina dawowa, amma ko 'yata ta yi mini magana sai ta maimaita. A 2022 na ɗauki hutu na kai ta wurin yayata, na tafi na bi hanyar Santiyago a Sifaniya. Kafin wani ya tambaya, na san tsohuwar hanyar ziyarar Kiristoci ce. Ni ba ziyara ta kai ni ba. Na zaɓe ta ne don hanya ce da mace ita kaɗai za ta bi ta sami wurin kwana kusan a kowane ƙauye, ga kibiyoyi ruwan ɗorawa a bango da duwatsu, ɓata sai da ganganci.

Daga wani ƙaramin gari a gindin duwatsun Firenis ta ɓangaren Faransa na fara, kusan kilomita 780 zuwa Santiyago. Kwana 34 na yi. Ranar farko hawa ce zalla har a gangara Ronsesbayes, kuma jakata kilo 13 ce, alhali ƙa'idar da masu hanyar ke faɗa ita ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinka. Da na isa Famfalona na zazzage jakar a kan gado. Abaya uku, turare, littafi biyu, har da ɗan dutsen guga, don Allah ku ji! Na tura kilo biyar gida ta gidan waya. Bayan kwana goma ko tuna abin da ke cikin kwalin ba na yi.

Wahalar Musulmi a hanyar abinci ce, don naman alade na cikin kusan komai, har miyar wake sai ka tambaya. Ƙwai da dankali da kifin gwangwani na rayu a kai. Salla kuwa sai in fita bayan masauki da asuba in shimfiɗa gyalena.

Tsakanin Burgos da Leyon akwai wani fili, gonakin alkama iya ganinka, ba inuwa, kamar ka bar Katsina ka nufi Maraɗi da rani. Mutane da yawa mota suke hawa su tsallake shi. A nan ƙafata ta yi bororo har biyar. Wata tsohuwa 'yar Koriya, ba ta jin Turanci, ta gan ni ina ɗingishi, ta zaunar da ni a bakin hanya, ta cire mini safa da hannunta, ta huda da allura ta ɗaure. Ni da na shekara 16 ina wanke ƙafafun mutane, ban taɓa bari wani ya taɓa tawa ba. Na yi kuka har da majina, ita kuwa tana ta aikinta kamar ba ta gani ba.

Da na dawo na rage kwanakin aiki, albashi ya ragu, ban mutu ba. Kuma yanzu in abu ya fi ƙarfina ina buɗe baki in ce a taimake ni, wanda da sai dai in haɗiye.

Na Bakin Kasuwa

Ku yi haƙuri, ni dai dariya abin yake ba ni. Shekara shida ina taka kilomita tara zuwa makaranta, tara dawowa, ba takalmi, faso har jini. Ba abin da ya sauya a rayuwata sai ranar da na sayi babur. Hajiya ta biya kuɗin jirgi ta je ƙasar Turawa ta sayi wahalar da mu kyauta ake raba mana. Ku je ku tambayi matan da ke tafiyar awa biyu neman ruwa ko sun ga wani haske a hanya. Wannan harkar ta ƙosassu ce.

Maman Ilham

Ɗan'uwa ban musa maka ba ko kaɗan. Ni da kati a aljihu na tafi, duk ranar da na ga dama zan tari mota. Wanda aka tilasta wa tafiya da wanda ya zaɓa ba ɗaya ba ne. Amma ai mai azumi ma da abinci a gidansa yake kwana, ba a ce yunwarsa wasa ce ba.

Direban Hayis

Na Bakin Kasuwa, saurara ka ji na talaka ɗan'uwanka. Kun tuna 2015, da Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja cikin kwana 18 don murnar cin zaɓen Buhari? Bayansa kowa ya zama ɗan tattaki. To har da ni. Mu uku muka ce daga Kano sai Abuja, muka buga riguna, muka ɗau tuta. Gaskiya ta Allah, so muke a nuna mu a talabijin, wani babba ya kira mu ya ba mu mota.

Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa a ranar muka sayi sababbin kambas. Kafin Kura ƙafa ta fara magana. A Kwanar Ɗangora ɗaya ya ce cikinsa na ciwo, ya hau mota. Mu biyu muka lallaɓa har Tashar Yari, inda wata mai abinci ta ga yadda nake taka ƙasa kamar mai tsallake ƙaya, ta sa aka kawo ruwan ɗumi da gishiri, ta ba mu man kaɗanya, ta ƙi karɓar kuɗin shinkafa. A Zariya tattaki ya ƙare, kwana shida. Ba ɗan jaridar da ya zo. Watanni 'yan tasha suna ce mini Mai Tattaki.

Amma ga abin da ya saura. Shekara 11 ina tuƙi a wannan titi, ban taɓa saninsa ba sai da na taka shi. Ban san yadda iskar tirela ke jan mutum ba. Ban san in direba ya sauka gefen titi don ya wuce na gabansa, wanda ke tafe a wurin ba shi da inda zai faɗa sai rami ba. Ni kaina na sha yin haka ina danna oda ina zagi. Sau biyu a tafiyar nan na yi tsalle cikin ciyawa, na biyun motar layinmu ce, na san direban, ko gane ni bai yi ba. Tun da na koma kan sitiyari ban ƙara sauka gefen titi ba, kuma in na hango yara ko masu itace a ka tun daga nesa nake ɗaga ƙafa. Fasinja su yi ta mita wai ba na gudu. Su yi.

Injiniya a Ohayo

Bari in kawo ɓangaren da ba a cika faɗa ba. A Amurka akwai hanyar duwatsun Afalachiya, wajen kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Dutsen Katadin a jihar Men. Masu yin ta a jere sukan ɗauki wata biyar zuwa bakwai, kuma galibin waɗanda suka fara ba sa gamawa. Ina cikin galibin. Na fara a Maris, na tsaya a Hafas Feri bayan sama da kilomita 1,600, gwiwa ta ƙi.

Dajin bai ba ni wuya kamar dawowa ba. Wata uku aikina ɗaya ne: bi farin fentin da ke jikin itatuwa, nemi ruwa, rataye abinci a reshe don kada beyar ta zo. Da dare in kwanta kamar gawa. Da na dawo sai barci ya ƙaurace. Na shiga kanti sayen sabulu, na ga iri fiye da ashirin, na fito hannu wofi. A ofis ana ta cacar baki kan launin wani jadawali, ni ina jin kamar in tashi in fita in yi ta tafiya. Nauyin da na zubar ya dawo da riba cikin wata huɗu.

Mafi muni, na riƙa yi wa mutane kallon waɗanda ba su san komai ba. Maiɗakina ce ta yi mini magani. Ta ce, wata uku kana neman kanka a daji, ni ina nan da yara biyu da aiki, wa ya ba ni hutun neman nawa kan? Ban sami amsa ba. Mun daɗe kafin mu daidaita. Malam, kafin ka sayi takalmi ka zauna da Hajiya tukuna, ita ma tafiyar za ta yi, a gida.

Na Bakin Kasuwa

Yauwa. Matar Injiniya ce kaɗai ta yi magana a nan.

Malamin Firamare

Na gode ƙwarai, har da kai Na Bakin Kasuwa. Injiniya ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, don kakarmu ma shekara bakwai ta yi tana saƙa da kaɗi tana ciyar da yara huɗu, kuma ban taɓa jin an ba da labarinta a gidanmu ba sai na Alhaji. Jiya na gaya wa maiɗakina. Ta ce in fara zuwa garinmu a ƙasa in ta gani, kilomita 60 ne, in na isa da raina sai a yi maganar gaba. Ɗan Agadas, wane takalmi kuka sa a Tenere?

Ɗan Agadas

Faɗe ne na fata Malam, mai faɗi, a rairayi kuma sau da yawa cirewa muke mu rataya a wuya. Amma kai titi za ka bi, kada ka kwaikwaye mu. Wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi za ka sa, ko ya tsufa. Ka tashi da an sallame asuba, in rana ta take ka nemi inuwa sai bayan la'asar, kuma ka bari sai sanyi ya shigo. In ka sa rana ka faɗa a nan, wataƙila Direba ya raka ka.

Direban Hayis

A mota dai, ina binsa a baya a hankali.