Ina neman jita mai tsirkiya 12 mai ado, amma ba na son ƙaton ciki

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kaɗa jita. Shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda ya san harkar ya yi min bayani dalla-dalla.

Na fi shekara 20 ina kaɗa jita a nan Kaduna. Mai tsirkiya 12 da nake da ita Yamaha ce, irin mai sauƙin kuɗi, ta yi min hidima ƙwarai. Amma tun ina saurayi nake da burin mallakar guda ɗaya ta gani ta faɗa, irin wadda aka zagaye gefenta da ɓawon katantanwar teku mai ƙyalli, wanda suke kira abalon, aka yi wa wuyanta zane har zuwa kai. Yanzu Allah ya hore, na tara abin da na tara, kuma ƙanena da ke Amurka zai dawo gida da Babbar Sallah, ya ce in zaɓa zai riƙo min.

Matsalar ita ce kafaɗata ta dama. Likita ya ce in rage ɗaga hannu na dogon lokaci, kuma in na rungumi jita mai ƙaton ciki minti 30 sai kafaɗar ta fara zafi. Na shiga intanet na duba, duk wadda na gani mai ado sosai sai in tarar jambo ce ko dirednot, wato siffofin jita masu ƙaton ciki. Masu ƙaramin ciki kuwa adonsu bai taka kara ya karya ba. To shin ba a yin mai tsirkiya 12 mai cikakkiyar kwalliya a ƙaramin ciki ne, ko ni ne ban iya nema ba? In kuma akwai, wane kamfani, wace lamba zan ba ƙanena?

Mai Gyaran Jita: Wa alaikumus salam, Malam. Ba rashin iya nema ba ne, haka kasuwar take, kuma akwai dalili.

Tsirkiya 12 marasa kauri suna jan fuskar jita da nauyin da ya kai kusan kilo 110, alhali mai tsirkiya 6 ba ta cika wuce kilo 75 ba. Dole maƙeri ya ƙara kaurin katakan da ke tallafe fuskar daga ciki, in ba haka ba jakin, wato katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a kan fuskar, ya ɗago, fuskar ta kumbura. Fuskar da aka tallafe da ƙarfi kuma ba ta motsi sosai, sai an ba ta faɗi kafin ta yi murya. Ga shi kuma huɗu daga cikin tsirkiyoyi shida da aka ƙara a kan na mai 6 sirara ne, sautinsu a sama yake, saboda haka ana buƙatar babban ciki ya kawo kaurin murya daga ƙasa. Shi ya sa tun shekarun 1960 manyan kamfanoni suka ɗora mai 12 a kan jambo da dirednot. Masu sayen mai 12 ba su da yawa, masu sayen mai tsananin ado ma ba su da yawa, in ka haɗa da sharaɗin ƙaramin ciki sai ka ga kamfani ba zai ƙera da yawa ya ajiye a shago ba.

Wadda kowa ke auna sauran da ita ita ce Guild F-512. Faɗin cikinta inci 17, baya da gefe katakon rozwud, wuyanta da murabba'an farin ɓawo da aka tsaga da abalon a tsakiya. 'Yar uwarta F-412 katakon mafal ce mai ƙundun baya. Tsofaffin suna da ƙarfe biyu a cikin wuya saboda jan tsirkiya. Na taɓa gyara ɗaya da wani ya gada daga mahaifinsa, kuma har yau ban ji mai 12 da ta kai ta cika ɗaki ba. Amma da wannan kafaɗar taka, Malam, ba zan ce ka saye ta ba.

Ɗan Tudun Wada: Na gode, Malam. F-512 ɗin ce na fara gani, ita ta tayar min da hankali. To Martin fa? Ina jin ana cewa lamba 45 ita ce ƙarshen ado.

Kawu na Shikago: Ɗana, bari in amsa maka wannan, don na ɗan jima ina bibiyar kayan Martin.

Lambar da ke ƙarshen sunan jitar ita ke nuna yawan ado. Lamba 28 ba ta da abalon a gefe. Lamba 41, wadda suka fito da ita a 1969, an zagaye fuska kawai. Lamba 45 kuwa an zagaye fuska da baya da gefe gaba ɗaya, kuma D-45 mai tsirkiya 6 yanzu kuɗinta na kaiwa wajen dala 10,000. Mai tsirkiya 12 sun fara da D12-20 a 1964, sai D12-35 a 1965. Akwai D12-45, amma kaɗan aka ƙera, sai dai ka dace a hannun masu sayar da tsofaffi. Wadda aka fi samu sabuwa ita ce HD12-28, kyakkyawa ce amma adonta na dattako ne, ba mai ƙyalli ba. Dukansu kuma dirednot ne, faɗi inci 15 da ɗoriya, zurfi kusan inci 5. Zurfin nan shi ke tura gwiwar hannu gaba, shi ne zai dame ka fiye da faɗin.

Suna da sashen ƙera ta musamman a masana'antarsu ta Nazareth, jihar Pennsylvania, inda ake bi ta hannun dila a faɗi siffa da adon da ake so. Sai dai jiran watanni ne, ba zai yiwu kafin Sallah ba, kuma in ta zo ba ta yi maka ba babu mayarwa.

Yar Gidan Waƙa: Yaya, ni ƙaramin jiki gare ni, na sha wannan wahalar kafin kai. Ka duba Taylor, domin su ne suka ɗauki maganar ƙaramin ciki da gaske.

Lambobinsu suna da sauƙin karantawa in ka gane. Lambar farko ajin kaya ce da ado. Ta tsakiya in ta zama 5 ko 6, mai tsirkiya 12 ce. Ta ƙarshe siffar ciki ce: 0 dirednot, 2 Grand Concert wato ƙarama, 4 Grand Auditorium matsakaiciya, 5 jambo, 6 Grand Symphony, 8 Grand Orchestra. Kai abin da kake nema shi ne wadda ta ƙare da 52 ko 62. Tawa 562ce ce, katakon mahogani gaba da baya, dangin madacinmu. Faɗinta inci 15, ba ta da zurfi, kuma wuyan ya haɗu da ciki a gaɓa ta 12 maimakon ta 14 (gaɓoɓin nan su ne layukan ƙarfe da ke kan wuya), don haka hannun hagu ma ba ya miƙewa nesa. Ina awa biyu da ita a cinya ban ji komai ba.

Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce adonta ba zai ƙosar da kai ba in abalon kake so. Akwai Builder's Edition 652ce da ta fito a 2020, wadda aka sassaƙe gefen da hannu ke kwanciya a kai ya zama mai gangare. Wannan sassaƙar kamar don kafaɗarka aka yi ta. Kyawunta na katako ne da aikin hannu, ba na ɓawo ba. Mai tsananin ado da na sani a wajensu ita ce PS56ce, amma Grand Symphony ce, ta fi inci 16, kuma sai dai ta hannu.

Abin da ke faranta min rai kuma, baƙin katakon da ke kan wuyan daga Kamaru yake zuwa. Tun 2011 kamfanin ke da hannun jari a wata masana'antar eboni a Yawunde. Itacen dangin kanya ne.

Na Yamai: Sannunku. Ni abu ɗaya zan ƙara, wanda masu zama a Turai da Amurka suke mantawa: hunturu. Waɗannan jitocin an ƙera su ne a ɗakin da danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55. A wajenmu daga Disamba zuwa Fabrairu yana sauka ƙasa da kashi 20. Katako na tsukewa, ɓawon abalon ba ya tsukewa tare da shi, sai ka ga layin ado ya fara ɗagowa, fuska ta tsage daga jaki zuwa ƙasa. Na yi asarar wata mai tsada haka a shekara ta biyu da sayenta, kuma har yau abin na min ciwo.

Idan za ka kawo ta Kaduna, ka sa ƙanenka ya haɗo da akwati mai ƙarfi, da ɗan ma'aunin danshi, da abin jiƙa iska da ake sawa a bakin jita. Ka sassauta saitin tsirkiya da cikakken mataki ɗaya, ka sa kafo, wato abin da ke matse tsirkiyoyi a wuya, a gaɓa ta biyu in za ka yi waƙa da mutane. In kuma ba ka son wannan renon, akwai kamfanin Emerald a ƙasar Ailan, suna ƙera jita da zaren kabon, har da mai 12, kuma suna shimfiɗa mata siririn katako mai zane a fuska. Ba ruwanta da hunturu ko damina, bayanta kuma an lanƙwasa shi ya bi jikin mutum. Muryar dai ta bambanta da ta katako, wasu na so wasu ba sa so.

Mai Gyaran Jita: Na goyi bayan ɗan'uwa na Yamai. In ƙara da gargaɗi kan tsofaffi, tunda Kawu ya ambace su. Gibson sun yi ƙaramar mai 12, B-25-12, daga 1962, faɗinta bai kai inci 15 ba. Za ka gan ta ka ji daɗi, amma ba ta da ado, kuma da yawansu fuskar ta riga ta kumbura. Kowace tsohuwar mai 12 ƙanenka zai saya, ya sa a duba kusurwar wuya da tsayin tsirkiya a gaɓa ta 12. Gyaran wuya aiki ne mai tsada, kuma masu yin sa da kyau a nan ba su da yawa.

Sannan ya tambayi irin rozwud ɗin. Na Indiya ba shi da matsala, tun ƙarshen 2019 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta cire kayan kiɗa da aka gama ƙerawa daga takurar da ta sa a 2017. Na Brazil kuwa yana cikin jerin da aka fi tsanantawa tun 1992, kuma jitocin Martin masu rozwud na kafin 1970 galibi da shi aka yi. Ba takarda, za a iya ƙwace ta a filin jirgi.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na fahimci cewa abubuwa ukun da nake so, wato tsirkiya 12 da ƙaramin ciki da cikakken abalon, ba sa haɗuwa a shago sai an ba da odar ƙerawa. Zuciyata na wajen F-512, amma kafaɗa ta fi ƙarfin zuciya. Yanzu ina tsakanin 652ce da in haƙura da Sallar bana in ba da odar ƙarama mai ado. Kawu, in kai ne wanne za ka yi?

Kawu na Shikago: Ɗana, in ni ne ba zan ba da odar siffar da ban taɓa rungumarta ba. Ka nemi wani a Kaduna ko Abuja mai jita ƙarama mai faɗin inci 15, ko da mai tsirkiya 6 ce, ka zauna da ita awa guda ka ji abin da kafaɗar za ta ce. Ka kuma tuna wuyan mai 12 ya fi faɗi, kusan inci 2 a sama, don haka ka gwada yatsunka ma. In siffar ta karɓe ka, ƙanenka ya shiga shagon dilan Taylor ya tambayi kuɗin odar Grand Concert mai 12 da abalon a gefe da zanen wuya, da tsawon lokacin da za a jira, ya kwatanta da kuɗin 652ce da ke rataye a bango. Ka turo min lambarsa ta akwatin saƙo, in garinsa bai yi nisa da ni ba sai in raka shi mu kaɗa su biyun, mu ɗauko maka sautin a waya ka ji da kunnenka.