Na kai an wasa min wuƙar injin yankan ciyawa, yanzu injin sai karkarwa yake

Baban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ni ke kula da filin ƙwallon wata makaranta a nan Kaduna, da ɗan filin da ke gaban ofis. Injinmu na turawa ne, Briggs & Stratton, wuƙarsa inci 21. Tun da damina ta kankama na ga yankansa ya canza. In na yi yanka yau, jibi sai in ga saman filin ya yi fari-fari kamar an bi shi da wuta. Na durƙusa na tsinko ganye ɗaya na duba, sai na ga bakinsa a tsattsage, zare-zare kamar bakin tsumma. Na kwance wuƙar na kai wa wani mai giranda a bakin titi ya wasa min. Kaifi kam ta yi, har aske gashin hannu take. Amma tun da na mayar da ita injin yake karkarwa, minti goma hannuwana sun ɗauki zugi, jiya har noti ɗaya na murfi ya warware ya faɗi cikin ciyawa. Me ya faru, kuma ya zan yi?

Injiniya Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, don Allah kada ka sake tayar da injin nan sai ka gyara. Mai girandar ya ci ƙarfe a gefe ɗaya fiye da ɗayan, wuƙar ta rinjaya. Irin wannan inji yana juya wuƙa kusan sau 3,000 a minti ɗaya, wato sau 50 a daƙiƙa guda. Wuƙa mai inci 21, bakinta na ƙarshe yana gudun kusan kilomita 300 a awa. A wannan gudun, ɗan bambancin nauyin da hannunka ba zai ji ba shi ne yake fizgar sandar injin gefe da gefe ba hutawa. Boris, wato abin da sandar take juyawa a cikinsa, shi ne zai fara lalacewa, sai robar da ke tare baƙin mai ta ƙasa ta fara yoyo. Notin da ya faɗi gargaɗi ne kawai.

Kawu Maƙeri: Gaskiyar Injiniya ce. Ɗana, akwai kuskure na biyu kuma. Wuƙar da take aske gashi an wuce da ita gona da iri. Wannan ba askar wanzami ba ce, ba kuma lauje ba ne da ake ja da hannu. Gudu ne ke yi mata yanka. In bakin ya yi siriri sosai, tsakuwar farko da ta gamu da ita za ta lanƙwashe shi ko ta ɓantare shi, kafin ka gama rabin fili ta fi da dakushewa. Ana barin bakin da ɗan kauri, kamar rabin milimita, yadda za ka iya shafa shi da yatsa a hankali bai tsaga ka ba.

Baban Sadiq: Ikon Allah. Ni kuwa har godiya na yi masa da na ga kaifin. To Kawu, wuƙar ta lalace ke nan?

Kawu Maƙeri: Sai ka duba launinta. Kwance ta ka kai ta rana. In ka ga bakin ya yi shuɗi ko ruwan bunu a wasu wurare, giranda ta ƙona ta, taurin ƙarfen wurin ya tafi. Ƙarfen wuƙar nan an gasa shi ne an ba shi ruwa daidai gwargwado tun daga masana'anta, zafi ya yi yawa sai ya yi laushi. In shuɗin kaɗan ne a baki-baki, magagari zai cinye shi ka iso ƙarfe mai kyau. In ya shiga ciki sosai, nemi sabuwa.

Ni shekara da shekaru da magagari nake yi. Ga yadda nake yi. In ɗaure wuƙar a bayis, wato abin matse ƙarfe da ake kafawa a tebur, in kankare busasshiyar ciyawa da tsatsa da buroshin ƙarfe tukuna. Sai in bi gangaren da ta zo da shi, wajen digiri 30 ne a yawancinsu, ba na ƙirƙiro nawa. Turawa gaba kawai nake yi, daga ciki zuwa waje, in ɗaga magagarin in dawo, don shi a turawa yake ci. Fuska ɗaya ake wasawa, ta sama mai gangaren nan. Ta ƙasa shafe take, sai dai in bi ta sau ɗaya ko biyu a kwance don in cire ɗan gashin ƙarfen da ya lanƙwaso. Kuma ina ƙirge: in na yi wa wannan gefen turi talatin, ɗayan ma talatin.

Ɗan Auta: Kawu, a yi min afuwa, amma magagari ga mai inji ɗaya ne. Mu muna yi wa gidaje kusan goma sha biyu yanka a Abuja, injuna uku, wa ke da lokacin zama da magagari? Giranda ba laifinta ba ne, hannun mai riƙe ta ne. Ni faifai mai yashi-yashi nake sa mata, mai falle-falle ɗin nan, ba na dutse ba. Ba ya zafi kamar dutse. In shafa sau biyu ko uku a guje, in tsoma wuƙar a bokitin ruwa, in sake. Minti biyar na gama ɗaya. Tabarau da safar hannu dole ne.

Kawu Maƙeri: Ban ƙi taka ba, Auta. Kai hannunka ya faɗa. Shi da yake wasa wuƙa ɗaya sau biyar ko shida a damina, magagari ya fi masa, don ba ya cin ƙarfe da sauri balle ya yi ɓarna kafin ya farga. Sai dai in dutse ya yi mata giɓi mai zurfi, nan kam giranda ta fi sauƙi.

Hajiya Mai Lambu: Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata a kan kwancewar ce, don nan ne nake jin tsoro. Yaron da ke taya ni aikin lambu ya taɓa kwantar da injinmu a gefe don ya ciro wuƙa, da ya tayar sai farin hayaƙi ya turnuƙe gidan, injin yana tari. Mun ɗauka ya mutu.

Injiniya Ɗan Zariya: Hajiya, a gefen da bai dace ba ya kwantar da shi. Baƙin mai ne ya gangara cikin matatar iska da kafireto. In za a kwantar, gefen da matatar iskar take shi ne zai kalli sama. Ko a danna hannun injin ƙasa a ɗora masa bulo, gaba ya ɗaga. Ya fi kyau a yi aikin lokacin da fetur ya kusa ƙarewa, in kuwa da saura a tanki a sa leda a bakin a murɗa murfin a kanta.

Amma kafin komai, a zare wayar fulogi a kawar da ita gefe. Wannan ba na wasa da shi. Juya wuƙa da hannu daidai yake da jan igiyar tayarwa, sanda ɗaya ce take haɗa su. Inji mai ɗumi yana iya kamawa yatsun mutum suna ciki. Bayan nan a cusa guntun katako tsakanin wuƙa da jikin kwanon da ya rufe ta don ta tsaya cak, a sa sifana daidai notin. Yawancinsu hagu ake murɗawa su kwance. In ya cije a ɗiga masa mai a bar shi ya jiƙa, kada a hau dukansa da guduma.

Sannan a yi wa fuskar da ke kallon ƙasa alama da fenti ko alli tun kafin a cire. Na sha ganin wanda ya wasa wuƙa da kyau ya mayar da ita a kife, yana ta mamakin me ya sa ciyawa take kwanciya ba ta yankuwa. Fikafikan nan biyu da suka lanƙwasa, sama suke kallo, wajen injin.

Baban Sadiq: Na gode ƙwarai. To batun rinjayen fa? Ya ake gane gefen da ya fi nauyi?

Malam na Maraɗi: Ƙusa ɗaya ta ishe ka. Kafa ta a bango ko a jikin ginshiƙi ta miƙe sosai, ka rataya wuƙar ta ramin tsakiya, ka daidaita ta a kwance, ka saki. In ta tsaya yadda ka bar ta, lafiya lau. In gefe ɗaya ya sunkuya, shi ne mai nauyi. Ka koma bayis ka rage wannan gefen da turi huɗu ko biyar a kan bakin yankan, ka dawo ka sake gwadawa. Haka za ka yi ta yi har ta tsaya. Kada ka taɓa fiffiken wajen ragewa, kuma ka tabbata ka kankare ta tas kafin awo, don busasshen taɓo ma nauyi ne, zai yi maka ƙarya.

Ɗan Auta: Ƙusa tana aiki amma ba ta faɗin gaskiya duka. Tana da ɗan cijewa, ƙaramin rinjaye ba ya nunawa. Kuma wuƙaƙen da raminsu yake kamar tauraro, irin na injunan kamfanin MTD, ba sa zama a tsakiya a kan ƙusa ko kaɗan. Akwai ɗan ma'auni mai siffar malfa, hawa-hawa, da ake ɗora shi a kan tsini a bisa tebur. Ramin wuƙar yana zama daidai a hawan da ya dace da shi, kuma yana nuna rinjaye ta kowace fuska. Ba shi da tsada. Ku tambaya wajen masu sayar da kayan injin.

Malam na Maraɗi: Haka ne, wanda ya samu ya saya. Wanda bai samu ba, ƙusa mai santsi da ɗan ɗigon mai a kanta ta fi babu nesa ba kusa ba. Abin da na fi so ku kula da shi, mu mutanen ƙasar rairayi, shi ne fiffiken. Shi ke jawo iska ta miƙar da ciyawa tsaye kafin a yanke ta, kuma wannan iskar tana ɗebo yashi. Yashin nan yana cin ƙarfe a daidai lanƙwasar da fiffike ya haɗu da jikin wuƙa. Na taɓa ciro wata na ɗaga ta a rana, wurin ya yi siriri kamar gwangwanin madara, har wata 'yar tsaga ta fara buɗewa, haske yana ratsowa. Da na ƙara sati guda da ita da ɓallewa zai yi, kuma yara suna wasa a gefen filin. Tun ranar kowace kwancewa sai na latsa wurin da yatsa na duba. In ya yi siriri, komai kyawun bakinta, ta gama aiki.

Kawu Maƙeri: Madalla da wannan tunatarwa. Ni maƙeri ne, amma wuƙar injin da ta tsage ba na yi mata walda, wadda ta lanƙwashe ba na miƙar da ita. An sha kawo min ina mayarwa. Langalanga ce in ta karye za ta faɗi gabanka. Wannan kuwa da gudun da Injiniya ya faɗa za ta fita.

Hajiya Mai Lambu: To sau nawa ya kamata a riƙa wasawa? Namu sai mun ga ya ƙi yanka muke tunawa.

Injiniya Ɗan Zariya: Abin da aka saba faɗa shi ne bayan awa 20 zuwa 25 na aiki. A ƙasa mai yashi da tsakuwa ba ta kaiwa haka. Ganyen ne zai gaya miki, Hajiya: in bakinsa ya fita sumul kamar an sa almakashi, da sauranta. In ya tsattsage, lokaci ya yi. Yagaggen ganye yana saurin zubar da ruwansa, kuma ta nan cututtukan ciyawa suke samun ƙofa, musamman a watan Agusta da laima ta yi yawa. Ga ciyawar kirikiri ma abin ya fi fitowa fili, tunda ƙasa-ƙasa ake yanka ta. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a ajiye wuƙa biyu, ɗaya tana aiki ɗaya tana rataye a wase.

Baban Sadiq, abu ɗaya ya rage. In ka daidaita wuƙar amma karkarwar ba ta daina ba, to matsalar ta wuce wuƙa. Ka taɓa bugun dutse ko kututture har injin ya mutu nan take? Bayan ka ɗaura ta, fulogi a zare, auna tsayin bakin wuƙa daga ƙasa a wuri ɗaya, ka juyo ɗaya bakin zuwa wurin ka sake aunawa. In bambancin ya wuce milimita 3, wuƙar ta lanƙwashe. In ka sa sabuwa kuma ka ga notin tsakiya yana lilo sa'ad da ake jan igiya a hankali, sandar injin ce ta karkace, sai bakanike.

Baban Sadiq: Jama'a, ga yadda aka yi. Da safe na shiga Panteka na sayo magagari mai inci 10. Na duba wuƙar, shuɗin kaɗan ne a ƙarshen gefe ɗaya, ya fita da wuri. Da na rataya ta a ƙusa, gefe ɗaya ya zube ƙasa kai tsaye, ko tsayawa bai yi ba. Sai da na koma bayis sau bakwai kafin ta tsaya a kwance. Na auna bakin biyu kamar yadda Injiniya ya ce, bambancin bai kai milimita 2 ba. Na ɗaure notin sosai da washarsa, na tayar. Karkarwa ta tafi, har ƙarar injin ta canza. Na yanka rabin fili kafin ruwa ya sauko. Allah ya saka muku da alheri, Kawu, Injiniya, Malam, Auta, Hajiya.

Malam na Maraɗi, na latsa wurin fiffiken, ya fara cinyewa a gefe ɗaya amma bai yi siriri ba tukuna. Zan sayi ta biyu wannan satin. Tsawon kawai zan faɗa musu?

Ɗan Auta: A'a, tafi da tsohuwar a hannunka. Tsawon daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, a karkace, kuma dole ramin tsakiya da ƙananan ramukan gefensa su hau daidai. Ɗora sabuwar a kan tsohuwar a gaban mai shagon. In ka kai gida, rataya ta a ƙusar nan kafin ka ɗaura, don sabuwa ma wani lokaci tana zuwa da rinjaye.