Shogilas na ƙananan motoci da jirage: wane awo, wane gilashi?

MaiTara18:
Assalamu alaikum jama'a. Ina son a haɗa shogilas na bango, tsayi santimita 180, faɗi mita ɗaya da rabi, don ƙananan motocin ƙarfe masu awon 1:18 (wato an rage girman motar gaske sau 18) guda ashirin da jiragen roba masu awon 1:72 guda goma sha biyu. Gilashin kanta na milimita 5 zai ɗauka? Kuma ta yaya ake hana ƙura shiga?

Kafinta:
Wa'alaikumus salam. Malam, ka fara rage faɗin nan, domin daga nan matsalar take tasowa. Idan ka ninka tazarar da ke tsakanin madogarai biyu, da kaya iri ɗaya a kai, lanƙwasar kanta sau takwas take ƙaruwa. Ka yi faɗin 80, ko ka yi guda biyu ka jera su.

Gefuna, sama da ƙasa a yanke su daga filawud mai kauri milimita 18. Faɗin ciki zai zama santimita 76.4. Zurfi ka ba shi 35, saboda motar 1:18 tana kai santimita 25 zuwa 28 a tsawo, ga layin ƙofa zai ci kusan biyu da rabi. Allon baya na milimita 6 a zura shi cikin tsagi, kada a buga shi da ƙusa daga waje, don ta wannan gaɓar ƙura ke shiga. Kafin gam ya bushe a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu. In awon ya bambanta, akwatin ya karkace, ƙofa kuwa ba za ta taɓa zama daidai ba.

A tsakiyar tsayin a kafa kanta ɗaya ta katako, da gam da sukuru. Ita ke hana gefuna buɗewa. Sauran kantoci su hau kan ƙananan madogarai: huji na milimita 5, tazarar milimita 32 tsakaninsu, a huda gefunan biyu da ma'auni guda.

MaiGilashi:
Milimita 5 kam a bar shi ga ƙofa. Motar 1:18 takan kai kilo ɗaya, biyar za su shiga kanta guda in sun fuskanto gaba. Ga kantar jirage gilashin milimita 6 ya isa, ga ta motoci ni milimita 8 na fi yarda da shi, kuma a nemi gilashin da aka gasa, wanda in ya fashe yake zubewa ƙanana. Amma shi gasasshe ba ya yankuwa, ba ya hudawa bayan an gasa. Don haka sai akwati ya tsaya, a auna cikinsa, a rage milimita 3, sannan a ba da odar yanka, a ce a goge bakinsa. A sa madogarai masu roba, gilashi kada ya zauna kan ƙarfe tsirara.

A lissafa nauyinsa shi ma: kowane milimita na kauri kilo 2.5 ne a murabba'in mita. Kanta mai 76 da 30 a kauri 8 ta haura kilo huɗu da rabi ita kaɗai. Dole a ɗaure saman shogilas ɗin a bango da ƙarfen kusurwa biyu.

Ƙofar zamiya mai tsayi 170 da faɗi 40 cijewa take yi a layinta. Tunda Malam Kafinta ya raba tsakiya, a yi biyu sama, biyu ƙasa, su hau juna da santimita 3, a liƙa zirin burushi a mahaɗar.

Kafinta:
Gaskiya ne, sai dai in ƙura ce babbar damuwa, ƙofar buɗewa mai firam da zirin soso a bayanta ta fi zamiya rufewa ƙam. Sharaɗinta a sami fili a gaba.

Injiniya_LED:
Kada a sa fitila a sama kaɗai, motocin kantar farko za su tare wa na ƙasa haske. A ɗora zirin LED a tsaye a gefunan gaba biyu, cikin kwararon alminiyom mai farin murfi, yana kallon ciki. Haske mai 4000K, wato awon launinsa fari ne tsaka-tsaki, ba ya jirkita launin fenti sosai. Ziri mai cin wat 9.6 a mita, tsawon mita 3.4, ya kusa wat 33, sai a nemi adafta ta wat 40, a ajiye ta a wajen akwati saboda zafi.

Abu biyu da ke lalata kaya a hankali: hasken rana yana mai da sitika da farin fenti rawaya, don haka a kauce wa bangon da ke fuskantar taga. Tayar roba kuma tana manne wa banish ko leda mai tauri har ta ci wurin. A kan kantar katakon a shimfiɗa gilashi, ko a sa ɗan madogari a ƙarƙashin motar tayoyin su ɗaga kaɗan. In an shafa fenti a ciki, a bar ƙofofi a buɗe har warin ya fita gaba ɗaya kafin a jera komai.

MaiTara18:
Na gode ƙwarai. Zan yi mai faɗin 80 guda biyu. Tazarar kantocin jirage fa, santimita 12 ta isa?

Kafinta:
Ga masu inji ɗaya ta isa. Ka auna jelar wanda ya fi tsayi, ka ƙara santimita 5 don hannu ya shiga ba tare da ya taɓa farfela ba.