Babanmu yana farkawa ƙarfe uku na dare: me binciken Dick Swaab ya gano game da damuwa da barci?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san harkar ƙwaƙwalwa ya yi mini bayani, don Allah.

Babanmu tun da ya yi ritaya, kuma Allah Ya yi wa amininsa rasuwa, ya zama wani mutum daban. Bayan isha'i barci yana ɗaukarsa lafiya lau, amma wajen ƙarfe uku sai ido ya bushe. Mama ta ce tana jin motsinsa, ya zauna bakin gado ya zabga tagumi har a kira assalatu. Da safe ba ya son magana, kunun da aka kai masa sai ya huce a kofi, rediyon da a da ba ya rabuwa da ita tana kan taga ta yi ƙura. Abin da ya fi ɗaure mini kai, bayan la'asar sai ya ɗan sake, har ya tambayi jikoki karatu. Gari na wayewa a koma gidan jiya. Saboda haka wasu cikin dangi suke cewa in da ciwo ne ai ba zai riƙa zaɓen lokaci ba.

Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani. Ƙanina da ke jami'a ya ce akwai wani masani ɗan ƙasar Holan, Dick Swaab, da ya gano cewa sinadaran ƙwaƙwalwa ne suke haddasa wannan. Wane ne shi, kuma me ya gano takamaimai? Akwai gwajin jini da zai nuna abin? Sannan in saya wa Baba melatonin? A kemis an ce mini yana sa barci.

Malamin Fisiyoloji ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya. Na daɗe ina koyar da wannan ɓangaren, kuma aikin Swaab yana cikin waɗanda nake girmamawa, sai dai ƙaninki ya ɗan zarce da kalmar "haddasawa".

An haifi Swaab a Amstadam a 1944. Ya shugabanci cibiyar binciken ƙwaƙwalwa ta ƙasar Holan daga 1978 zuwa 2005, kuma a 1985 ya kafa ma'ajiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar, inda mutane suke sa hannu tun suna raye cewa bayan rasuwarsu a yi nazarin ƙwaƙwalwarsu tare da tarihin jinyarsu. A nan ƙarfin aikinsa yake. Yawancin masu bincike a kan ɓeraye suke aiki, shi kuwa ƙwaƙwalwar ɗan Adam yake yankawa siriri siriri, a rina ta, a ƙirga ƙwayoyin jijiya a ƙarƙashin madubin likita. Wurin da ya fi mayar da hankali shi ne haifotalamos, wani ɗan yanki a gindin ƙwaƙwalwa da ke kula da yunwa, ƙishirwa, zafin jiki da lokacin barci.

Ga yadda abin yake aiki. Haifotalamos yana fitar da wani sinadari da ake kira CRH, wanda aka fara tantance shi a Amurka a 1981. CRH yana zaburar da fituwitari, wani ɗan ƙullutu da ke ƙasa da haifotalamos, shi kuma ya aika saƙo ta jini zuwa wasu ƙullutu biyu da ke zaune a kan ƙoda, su saki kotisol. Kotisol shi ne ke shirya jiki ya fuskanci wahala: ya ƙara sukari a jini, ya sa mutum a faɗake. Idan ya yi yawa sai ya koma ƙwaƙwalwa ya ce a dakata, kamar ƙwallon nan na cikin tankin ruwa da ke toshe famfo idan tanki ya cika. A wajen mutane da yawa masu tsananin damuwa, wannan toshewar ce ba ta kamawa sosai.

A 1994 Swaab da abokan aikinsa suka wallafa cewa a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da ciwon damuwa, ƙwayoyin da ke samar da CRH sun ninka na sauran mutane kusan sau 4. A 1996 suka ƙara da cewa ƙwayoyin da ke samar da wasu sinadarai biyu, basofiresin da oksitosin, su ma sun ƙaru a haifotalamos, kuma basofiresin yana ƙara wa CRH ƙarfi. Sannan a 2001 suka nuna cewa akwai canji a agogon jiki kansa, wato wani ɗan ƙanƙanin gungun ƙwayoyi da ke daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna. Daga ido yake samun labarin wayewar gari da faɗuwar rana.

Yanzu ki haɗa wannan da Baba. A lafiyayyen mutum kotisol yana sauka ƙasa wajen tsakar dare, ya fara hawa kafin asuba, ya kai ƙololuwa jim kaɗan bayan farkawa, sannan ya yi ta raguwa har yamma. Idan tsarin ya yi zafi kuma agogon ya goce, hawan yana iya farawa da wuri. Farkawa tun dare da sauransa, nauyin zuciya da safe, sassauci da yamma, duk likitoci sun san su a matsayin alamun nau'in damuwa mai tsanani tun kafin a haifi Swaab. Wannan zaɓen lokacin da dangi suke zargi, shi kansa alamar ciwon ce. Abin yana ci mini rai idan na ji an mayar da shi hujjar cewa mutum yana sane.

Amma ki riƙe wannan. Ƙwaƙwalen da aka ƙirga a 1994 ƙalilan ne, kuma ƙwaƙwalwar mamaci ba za ta gaya miki wanne ya riga wanne ba, ko yawan CRH ne ya kawo ciwon, ko ciwon ne ya kawo yawansa. Kamfanonin magani sun yi ta ƙera ƙwayoyin da ke toshe aikin CRH. Wani ƙaramin gwaji a Munik ta Jamus a 2000 ya sa rai, amma aka dakatar da maganin saboda alamun illa ga hanta, waɗanda suka biyo baya kuma ba su yi nasara a manyan gwaje-gwaje ba. Har yau babu irin wannan magani a kasuwa don ciwon damuwa.

Gwajin jini kuwa, an gwada. A 1981 Bernard Carroll ya fito da tsari: a ba mutum miligiram 1 na deksametason, wani magani ɗan'uwan kotisol, da dare, a auna kotisol washegari a ga ko ya ƙi sauka. Kusan rabin masu tsananin damuwa ne kawai yake kamawa, kuma yana nuna irin wannan sakamako a masu cutar mantuwa da mashaya giya da waɗanda suka rame sosai. Shi ya sa aka daina dogaro da shi. Kada ki kashe kuɗinki a kan auna kotisol sai in likita ne ya nema.

Sista Mai Aikin Dare ta amsa:

Malam ya yi bayani, Allah Ya saka. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, bari in taɓo maganar melatonin, don akwai binciken da Swaab yake ciki da ya shafe ta kai tsaye.

A 2008 aka wallafa shi, an yi shi a gidajen kula da tsofaffi 12 a Holan, da mutum 189, yawancinsu masu cutar mantuwa. Wasu gidajen aka sa musu fitilu masu haske sosai a falo da rana, wasu tsofaffin kuma aka ba su melatonin miligiram 2.5 da dare. Hasken ya rage alamun damuwa da kusan kashi 19 cikin 100. Melatonin ya ƙara musu barci da kusan rabin awa, amma waɗanda suka sha shi ba tare da hasken ba sun ƙara janye jiki daga mutane, yanayin zuciyarsu ya ƙara lalacewa. Baba ba mai cutar mantuwa ba ne, don haka ba lallai abin ya zo ɗaya ba, amma ya isa ya sa ki dakata. Matsalarsa ma ba ta kama barci ba ce, ta riƙe shi ce.

Mu da Allah Ya hore wa rana, ba sai mun sayi fitila ba. A shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida da hantsi, a kai masa kunun can, a ɗage labulen ɗakinsa. Tsofaffin da nake gani a irin wannan hali, kusan duk a ɗaki mai duhu suke wuni.

Abin da nake roƙonki, Hajiya, ki tattara duk maganin da yake sha ki kai wa likita a leda, har da na ciwon gwiwa da na gargajiya. Firedinisolon da deksametason, irin wanda ake zubawa a "sha ka fashe" da wasu haɗe-haɗen ciwon jiki na kemis, 'yan'uwan kotisol ne, suna hana barci suna birkita zuciya. Ki tambaya ko an duba masa maƙoshi, don raunin sinadarin tayirod yana kama da damuwa. Kada kowa ya saya masa maganin barcin nan diyazefam, tsoho yana iya tashi da jiri ya faɗi ya karya ƙugu.

Kuma wani da yake jin nauyinsa ya tambaye shi kai tsaye, cikin ladabi, ko yana jin ya gaji da rayuwa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ya ce e, ko kuka ji yana cewa gara ya bi amininsa, a koma asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai a waɗannan awowin na kafin asuba.

Direban Tirela ya amsa:

Ni ba ni da ilimin su Malam, amma na yi wannan ciwon bayan na yi hatsari yaron motata ya rasu. Ƙarfe uku ɗin nan na san ta. Duk laifin da ka taɓa yi a duniya a lokacin yake zuwa maka. Na sha magani sati biyu ban ga komai ba, na so in watsar, matata ta hana. Sai wajen wata guda na fara kaiwa kiran sallah ina barci. Ku gaya wa Baba haka, kada ya ce maganin ba ya aiki ya daina. Addu'a ban bari ba, magani ma ban bari ba.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya biya ku. Sista, na duba, akwai wani ƙullin ƙwayoyi marasa suna da yake sha saboda gwiwa, gobe zan kai wa likita. Malam, ƙanina ya sake cewa wai ya karanta hana mai damuwa barci dare guda yana warkar da shi. Gaskiya ne?

Malamin Fisiyoloji ya amsa:

Akwai ƙamshin gaskiya. Likitoci biyu a Jamus, Pflug da Tölle, sun ba da rahoton haka a 1971, kuma an sha maimaitawa: kusan rabin marasa lafiya suna jin sauƙi washegari. Sai dai mafi yawansu da sun yi barci ciwon yake dawowa, kuma ga mai lalurar da yanayin zuciyarsa ke hawa da sauka tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin damuwa, rashin barcin yana iya tunzura shi ya fita hayyacinsa. A asibiti ake yinsa, ana haɗawa da magani da haske, likita yana kallo. Kada ku gwada wa Baba a gida.