Marayun Giwaye na Nairobi: Musayar Baitoci

Ɗan Alƙalami:
Assalamu alaikum. Daren jiya na raba shi ina kallon gidan renon marayun giwaye da Daphne Sheldrick ta kafa a Kenya a 1977. Ga abin da ya fito. Amsa-amonmu "wa", mai baiti ya ɗora.

Na ga maraya lulluɓe da bargo,
Ba ɗan mutum ba ne, ɗan giwa.
An harbe uwar saboda haure,
Ya tsaya kan gawa yana kuwwa.
Wani rijiya ce ta rutsa da shi,
Dangi suka gaji da jawowa.
Wani tarkon waya ya ci wa ƙafa,
Rauni har ya kai ga ruɓewa.
A jirgin sama ake ɗauko su,
Ana ƙarin ruwa don farfaɗowa.

Na Bakin Kasuwa:
Malam, baitinka ya yi daɗi,
Amma fa akwai abin cewa.
Namu marayun suna kan titi,
Da ƙoƙon bara, suna jin yunwa.
Dabbar da ke karya itace,
Ita ce yau ke neman kulawa?
In madara ce, ai ga shanu,
A tatsa a ba ta, mene na damuwa?

Gwaggon Yara:
Ɗana, zauna ka sha ruwa tukuna,
Ka yi magana cikin gaggawa.
Nonon saniya shi ke kashe su,
Maiƙonsa ke sa su gudawa.
Ita Daphne ɗin ta sha fama,
Shekara 28 tana gwadawa.
Sai ta dace da madarar jarirai,
Ta haɗa ta da man kwakwa.
Duk awa uku sai an ba su,
Dare da rana, ba tsallakewa.
Mai reno a ɗakinsu yake kwana,
Da sun motsa yana farkawa.
Batun marayunmu, ka yi gaskiya,
Sai dai rabonsu ba ya cikin giwa.

'Yar Auta:
Gwaggo, sannu da ƙoƙari. Ni baitina gajere ne, a yi haƙuri, koyo nake.

Na ji kullum sai an canza
Wanda zai kwana yana tsarewa.
Ba gara a bar wanda ya saba ba?
Maraya ai ba ya son sauyawa.

Ɗan Alƙalami:
Ƙanwata, an taɓa barin ɗaya,
Abin da ya biyo ba ya mantuwa.
'Yar giwa ce daga Marsabit,
Sunanta Aisha, kin ji kuwa?
Ta liƙe wa Daphne ita kaɗai,
Duk inda ta nufa tana biyowa.
Bikin 'yar Daphne ne ya taso,
Dole uwar amarya ta je, ba makawa.
Ta bar Aisha a hannun wasu,
Ba su yi sakaci ba wajen kulawa.
Amma ta ƙi madara, ta kwanta,
Kullum sai ƙara ramewa.
Uwar riƙo ta dawo a guje,
A hannunta ta mutu, ba cetowa.
Ba mutuwa ce ake wa kuka ba,
Sabo ne, haka ji Hausawa.
Tun ranar ake juya masu reno,
Kar maraya ya mai da ɗaya uwa.

Na Bakin Kasuwa:
To, Aisha kam ta taɓa ni. Amma ban sauka ba tukuna.

Giwa a garin wani zomo ce,
Mun ji wannan tun muna ƙuruciya da wawa.
In ta girma tana bin mai fida,
Yaushe za ta san hanyar dawa?

Gwaggon Yara:
Baitinka na biyu ya yi ɗingishi, ɗana, amma tambayar ta yi.

In ta kai kamar shekara uku,
Dajin Tsavo ake mayarwa.
Da safe a fita kiwo da ita,
Ta ga na daji suna wucewa.
Yau ta bi su ta dawo da yamma,
Gobe ta kwana, ba a hanawa.
Babu mai kora, babu mai turke,
Shekaru ake yi ana yayewa.
Wata sai ta haihu can a daji,
Ta taso ɗan tana turowa,
Har ƙofar waɗanda suka rene ta,
Ta tsaya da shi tana nunawa.

Na Bakin Kasuwa:
Ashe ta fi yaron da na riƙa,
Tun da ya sami aiki ba ya zuwa.