Guba da rauni a Gloomhaven: me warkarwa take cirewa?

Ɗan Bolari: Assalamu alaikum. Wata ƙa'ida ce ta Gloomhaven, wasan allo da katuna na jarumai masu yaƙar dodanni, take raba kan 'yan wasa a nan Gombe. Jarumi ya rage da rai 1 cikin 10, ga alamar guba ga ta rauni a kansa, sai ya zaɓi dogon hutu mai ba da warkarwa 2. Wasu sun ce maki ɗaya zai tafi da guba, ɗayan ya tafi da rauni. Wasu sun ce gubar kaɗai za ta fita. Wanne ne daidai? Kuma raunin ne zai fara cizonsa ko hutun zai riga shi?

Malam na Jekadafari: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duk ɓangarorin biyu sun kauce. Ba a ƙidaya makin warkarwa a raba wa alamomi. Warkarwa guda, ko ta 1 ce ko ta 5, tana ɗauke guba da rauni a lokaci ɗaya. Abin dubawa shi ne ko rai zai ƙaru. In rauni ne kaɗai, a cire alamar, a ƙara ran cif yadda katin ya ce. In akwai guba, ko ita kaɗai ko tare da rauni, alamomin za su fita amma rai ba zai motsa ba ko kaɗan. Jarumin nan zai gama hutu babu guba babu rauni, ransa na nan a 1.

Yaya Hauwa, Pantami: Gaskiyar Malam, sai dai kafin a kai ga nan akwai tarko. Mai dogon hutu lambarsa ta layin motsi 99 ce, kuma mai ƙaramar lamba ne yake fara motsi, don haka kusan kowa zai riga shi. Duk dodon da ya kai masa hari, guba tana ƙara wa harin 1. In ya tsira har layi ya zo kansa, rauni yana cin rai 1 a farkon juyinsa, kafin a taɓa maganar hutu. Da rai 1, wannan cizon ya isa ya fitar da shi daga fagen, kuma wanda ya fita babu warkarwar da za ta dawo da shi a wannan zangon.

Mafita ita ce ya ƙona kati ɗaya daga hannunsa, ko biyu daga waɗanda ya riga ya yi amfani da su, ya soke cizon. Sannan hutun kansa zai sake cin kati ɗaya. Kati biyu ko uku ke nan a zagaye guda, a wasan da kati shi ne numfashin jarumi. A ganina hutu a wannan hali asara ce, sai in babu makawa.

Ɗan Bolari: Na gode, Yaya. To ƙaramar kwalbar maganin nan ta zinari 10 fa, mai warkarwa 3?

Malam na Jekadafari: Hukuncinsu ɗaya. In ya sha da guba a jiki, ukun nan sun tafi a banza. Dabara ita ce a fara da ƙaramar warkarwa. Abokin da lambarsa ta riga tasa ya jefo masa ko ta 1 ce, muddin yana ganinsa kuma tazarar katin ta kai. Wannan ta share alamomin biyu tun kafin rauni ya ci. Da juyinsa ya zo sai ya sha kwalbar, rai ya tashi daga 1 zuwa 4.

Yaya Hauwa, Pantami: Ƙarin abu biyu da ake yawan mantawa. Katin warkarwa mai tazara, mai shi yana iya yi wa kansa amfani da shi. Kuma ko ran jarumi a cike yake, ana iya warkar da shi don a cire gubar kawai. Ran ne dai ba zai wuce iyakar da ke kan allonsa ba.