Wanda yake koci kuma yana cikin masu buga wasa, me za mu kira shi?

1/ Jama'a, ina neman kalma. Turawan Ingila suna cewa "player-manager" ga mutumin da shi ke horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, shi ke fitar da 'yan wasa 11, sannan ya ɗaura takalmi ya shiga fili tare da su.

2/ Misalin da nake rubutu a kansa Glenn Hoddle ne. Ya buga wa Tottenham ta Ingila daga 1975 zuwa 1987, ya ci kofin FA a 1981 da 1982, ya tafi Monaco wurin Arsène Wenger. A 1991 Swindon Town ta ba shi aikin nan mai fuska biyu. A wasan neman haurowa Firimiya na 1993 a Wembley, sun ci Leicester 4-3, kuma shi kocin ne ya fara zura ƙwallo. Daga nan Chelsea ta ɗauke shi a kan irin wannan aiki. A wasan ƙarshe na kofin FA na 1994, da Manchester United ta lallasa su 4-0, shi ya sako kansa daga benci.

3/ Wani malami ya ce "manaja ɗan wasa". Allah gafarta Malam, manaja a kunnen Bahaushe na banki ne ko na gidan mai. A filin ƙwallo koci muke cewa.

4/ Wani ƙanena ya ce "kyaftin" ta wadatar. A'a ƙane, kyaftin ba ya ajiye kowa a benci, ba a kuma korarsa in ƙungiya ta yi ta shan kashi.

5/ Wadda ta ba ni dariya ita ce "mai taura biyu". Ta yi daɗi a baki, amma ta riga ta yanke hukunci cewa abin ba ya taunuwa. Hoddle ya tauna, haka Bryan Robson da ya hauro da Middlesbrough a 1995. Zan bar ta ga masu zolaya a gidan kallo.

6/ Na tsaya a kan "koci mai taka leda". Kowa ya san koci, kowa ya san taka leda, ba sai an yi dogon bayani ba. Jam'inta "kociyoyi masu taka leda", kuma Chelsea ta jera uku: Hoddle, Ruud Gullit a 1996, Gianluca Vialli a 1998.

7/ 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku yaya kuke faɗa a rediyo?